Malam Abdullahi ɗan Fodiyo (Abdullahin Gwandu)

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Abdullahi a wajejen shekarar 1766, ƙane ne ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya fara karatu a wurin mahaifinsu, Malam Muhammadu Fodiyo, sannan yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi ga Shehu. Haka kuma ya yi karatu a gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya shahara a fannonin nahawu da sarfu da tafsiri da waƙa. Daga cikin littattafansa akwai Bahrul Muhiɗ da Hisnur Rasin da kuma tafsirin nan mai suna Liya'ut Tawili.

Jihadi da Mulki

Shi ne wazirin Shehu, kuma shi ya jagoranci rundunar da ta yi nasara a Tafkin Kwatto a 1804, ya kuma ci Birnin Kabi a 1805. Da aka raba gudanar da daula a 1812, sai yammacinta ya faɗo a hannunsa. Wannan ne asalin masarautar Gwandu, wadda ƙasar Bagudo da garuruwanta, irin su Bahindi, suke ƙarƙashinta.

Fuskantar Laifin Kai

Abin da ya bambanta Malam Abdullahi da yawancin shugabanni shi ne bai ɓoye rauninsa ba. A 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, sai zuciyarsa ta ƙuntata saboda yadda ya ga jama'a sun karkata ga dukiya da muƙami, sun yi sakaci da masallatai da makarantu. Ya bar runduna da nufin tafiya Makka, ya ratsa daji tare da mutane kaɗan har ya isa Kano. A cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya kammala a 1813, ya kawo wannan labari da kansa. Bai tsame kansa daga laifin da ya gani ba, hasali ma ya ɗauki kansa a matsayin wanda ya fi kowa muni a cikinsu. Mutanen Kano suka roƙe shi ya zauna, ya karantar da su tafsiri, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami a kan tsarin mulki, daga baya ya koma gida.

Jarrabawa ta biyu ta zo ne bayan rasuwar Shehu a 1817. Aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, Malam Abdullahi kuwa ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofar gari. Abin ya yi masa zafi, har aka ɗauki shekaru ba su jituwa. Sai a wajejen 1820, lokacin da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, ya danne ɓacin ransa ya yi wa ɗan ɗan'uwan nasa mubaya'a a gaban jama'a.

Malaman tasawwufi suna koyar da cewa rai yana tashi daga mai umurni da mugunta zuwa mai zargin kansa, kafin ya kai ga natsuwa. Ba a kaiwa mataki na uku sai an bi ta na biyu, domin cutar da aka ɓoye ba ta samun magani. Rayuwar Malam Abdullahi, wanda ɗan ɗarikar Ƙadiriyya ne, misali ce ta wannan tafarki.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan ɗan'uwansa Buhari harkokin mulki, ya duƙufa ga karantarwa da wallafa. Ya rasu a Gwandu a 1829, a can kuma aka binne shi. Allah ya jiƙansa, amin.

Auna Fahimta

1. Waɗanne dalilai ne suka sa Malam Abdullahi ya nufi Kano a 1807?
2. Wane darasi malamin makaranta zai ɗauka daga yadda ya fuskanci kurakuransa?