Paul Sabatier, Malamin Da Ya Sa Ƙarfe Dillanci

An haifi Paul Sabatier a Karkason, wani tsohon birni mai ganuwa a kudancin Faransa, ran 5 ga Nuwamba, 1854. Ya yi karatu a Paris, sa'an nan a 1882 ya koma Tulus, ya shiga koyar da kimiyya a jami'arta.

A nan ne shi da abokin aikinsa Senderens suka gano, a 1897, cewa garin nikel yakan sa iskar haidirojin ta haɗu da abubuwan da ba ta haɗuwa da su don kanta. Nikel ba baƙo ba ne gare mu, gama da shi da jan ƙarfe aka yi farin kwabon nan mai huji. Aikinsa irin na dillali ne: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuwa ya fita yadda ya shiga, ko la'ada babu.

A 1902 suka gwada dabarar a kan kabon dayoksaid, watau iskar da ke fita daga numfashinmu da ƙone gawayi da fetur, wadda yawanta ke ɗumama duniya. Iska ce mai taurin kai, da ƙyar ta ke haɗuwa da wani abu. Amma da suka bi da ita kan nikel mai zafi tare da haidirojin, sai ta rikiɗa ta zama ruwa da iskar gas ta girki.

Wani Bajamushe, Normann, ya ɗauki dabarar nikel ya daskarar da mai, kasuwar majarin ta buɗe, gyaɗar Kano ta sami masaya a Turai.

A 1912 aka ba Sabatier kyautar Nobel, aka bar Senderens. A ganina an tauye masa hakki. An yi wa Sabatier tayin kujera a Paris ya ƙi, ya zauna Tulus har ya rasu ran 14 ga Agusta, 1941.

A 2010 aka kafa na'urarsa a tashar sararin sama, don a samo ruwa daga numfashin mazaunanta. A 2013 kamfanin Audi ya buɗe masana'antar gas irin wannan a Jamus. Sai dai haidirojin na cin lantarki ƙwarai. In da gawayi aka samo lantarkin, hayaƙin da aka tayar ya fi wanda aka kama.