Robert Noyce (1927-1990): Masanin da Ya Shimfiɗa Hanyoyin Wuta a Kan Silikon

Gabatarwa

Duk mai gyaran waya a Tambuwal ko Kebbe ya san baƙar ƙwayar nan da ake kira aisi. Ya kuma san idan ta ƙone sai dai a sauya ta, domin hanyoyin wutar da ke cikinta sun fi ƙarfin ido, balle hannu. Wannan maƙala ta waiwayi rayuwar Robert Noyce, wanda ya samo dabarar shimfiɗa waɗannan hanyoyi.

Tasowarsa

An haifi Noyce ranar 12 ga Disamba, 1927, a garin Burlington na jihar Iowa a Amurka. Mahaifinsa limamin coci ne. Ya kammala Kwalejin Grinnell a 1949, ya sami digirin digirgir a fannin fiziks daga MIT a 1953. A 1956 ya kama aiki ƙarƙashin William Shockley a Kalifoniya, amma zaman bai yi daɗi ba. Shekara na zagayowa, shi da abokan aikinsa bakwai suka fice, suka kafa kamfanin Fairchild Semiconductor.

Gudummawarsa

Matsalar wancan zamani ita ce haɗi. Kowace transista sai an liƙa mata waya da hannu, kuma haɗi ɗaya idan ya saki, na'ura ta tsaya. A 1958 Jack Kilby na kamfanin Texas Instruments ya tara sassan da'irar lantarki a kan ƙwaya guda, amma da siraran wayoyin zinare ya sada su.

Noyce ya ɗora tunaninsa kan binciken abokin aikinsa Jean Hoerni, wanda ya nuna amfanin barin wani siririn rufi mai kama da gilashi a saman silikon, rufin da wuta ba ta ratsa shi. A Janairun 1959 Noyce ya ga cewa za a iya huda ƙananan ƙofofi a rufin daidai inda ake son haɗi, sannan a shimfiɗa layukan alminiyam a kansa, a fitar da siffarsu da haske kamar yadda ake wanke hoto. Ya nemi rajistar haƙƙin ƙirƙira a Yulin 1959, aka ba shi a Afrilun 1961.

Daga nan haɗa da'ira ya koma aikin zane. Injiniya ya zama tamkar mai yanka filaye: ya san faɗin kowane layi, da tazarar da za ta hana biyu haɗuwa. A yau akan jera ƙananan rukunan transistoci sahu-sahu, tsayinsu ɗaya, hanyoyin ƙarfe na bi ta samansu hawa-hawa. Layi ya yi tsawo, saƙo ya makara; ya yi siriri ainun, ya ɗau zafi.

Ƙarshen Rayuwarsa

A 1968 ya kafa Intel tare da Gordon Moore, kamfanin da ya fitar da ƙwayar 4004 mai transista kusan 2,300 a 1971. Ya rasu da ciwon zuciya a Austin ranar 3 ga Yuni, 1990, yana da shekara 62. A 2000 aka ba Kilby kyautar Nobel. Noyce bai samu ba, domin ba a bai wa mamaci ita.

Kammalawa

Transista biliyan ba ta da amfani idan babu hanyar da za ta sada ta da 'yar'uwarta. Wannan hanya ita ce gadon Noyce, kuma tana cikin aljihun duk mai riƙe da waya.