Mansa Musa: Sarkin Mali da ya ƙulla zumunta da Masar da Maroko

Mansa Musa ya hau gadon sarautar Mali a wajajen shekarar 1312, lokacin da daular ke riƙe da hanyoyin fataucin zinariya da gishiri tsakanin Kogin Neja da Sahara. An fi tunawa da shi saboda dukiya, amma babban aikinsa shi ne sa manyan sarakunan Musulunci su ɗauki Mali a matsayin tsararsu.

A 1324 ya kama hanyar aikin Hajji, ya yada zango a Alƙahira, fadar Sarki al-Nasir Muhammad. Al'adar fadar ita ce baƙo ya faɗi ya sumbaci ƙasa a gaban sarki, abin da Musa ya ga bai dace da mai mulkin kansa ba. Da fari ya yi ta noƙewa, da hujjar cewa ibada ce ta fito da shi. Masanin tarihi al-Umari ya ruwaito cewa daga bisani ya yi sujadar da niyyar Mahaliccinsa yake yi wa. Sarkin Masar ya zaunar da shi kusa da shi, ya ba shi riguna da dawakai da guzuri. Da haka kowa ya tsira da mutuncinsa.

Zinariyar da ayarinsa ya rabar a birnin ta karya darajarta shekaru da dama, shi kansa kuma sai da ya ci bashi wajen attajiran Masar kafin ya koma gida. Ya dawo tare da Abu Ishaq al-Sahili, mawaƙi ɗan Andalus, wanda ya zauna a Mali har ƙarshen rayuwarsa.

Daga nan ya mai da hankali ga Maroko, inda ayarin fataken Mali ke sauke kaya a Sijilmasa. Ya tura ɗalibai karatu birnin Fas. Da Sarki Abu al-Hasan ya ci garin Tilimsan da yaƙi a 1337, Musa ya aika jakadu su taya shi murna. Ibn Khaldun ya nuna cewa kafin tawagar Maroko ta iso da tukuici, Musa ya rasu, ƙanensa Mansa Sulaiman ne ya karɓe ta, ya kuma ci gaba da zumuncin.

A 1375 masu zanen taswira a tsibirin Mayorka suka zana shi bisa karaga, riƙe da curin zinariya.