Sarkin Gombe Umaru Kwairanga: Sarkin Da Ya Kafa Gombe Ta Yau

Birnin Gombe da ake gani a yau bai wuce shekara ɗari da 'yan kai a matsayin mazaunin sarauta ba, kuma a zamanin Sarki Umaru ɗan Kwairanga aka aza harsashinsa.

Umaru jika ne ga Modibbo Buba Yero, Bafulatanin da ya yi karatu wajen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya karɓi tutar jihadi, ya kafa masarauta da hedikwata a Gombe Abba, bakin kogin Gongola. Mahaifin Umaru, Muhammadu Kwairanga, ya yi mulki daga 1844 zuwa 1882, kuma 'ya'yansa ne suka riƙa gadon juna a bayansa.

Sa'ad da Umaru ya hau gadon sarauta a 1898, masarautar na cikin rauni. Malam Jibril Gaini, mai da'awar Mahadiyya, ya kafa sansani a Burmi, ya ƙwace wani ɓangare na ƙasar, sarakunan Gombe kuwa suka kasa murƙushe shi. A 1902 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta iso. Umaru bai yi yaƙi da su ba. Su kuwa suka kama Jibril Gaini. A shekarar da ta biyo baya, ranar 27 ga Yulin 1903, aka gwabza yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu a cikin ƙasar Gombe.

Zaman lafiyar da Umaru ya zaɓa ya tsare gidan Buba Yero a kan sarauta, amma ya zo da nasa farashin. A 1913 aka ɗauke hedikwata daga Gombe Abba, garin kakansa, zuwa Nafaɗa. A 1919 aka sake ƙaura zuwa Doma, ƙaramin gari da ya fi kusa da tsakiyar yankin da kuma ƙasar Tangale da Waja, waɗanda Turawa ke son sa wa ido. Doma ɗin ce ta gaji sunan Gombe.

Umaru ya rasu a 1922, shekara uku kacal bayan ƙaurar ƙarshe. 'Ya'yansa Haruna da Abubakar suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya, kuma sarautar tana hannun zuriyarsa har yau. Garin da ya tare a cikinsa ya zama babban birnin jihar Gombe ranar 1 ga Oktoban 1996.