Rabi'atul Adawiyya: Ƙaunar da ba ta kori tsoro ba

An haifi Rabi'atul Adawiyya, Allah Ya yi mata rahama, a Basra ta ƙasar Iraƙi, cikin gidan talakawa. An ruwaito cewa ta tashi marainiya, aka sayar da ita baiwa, har ubangidanta ya ga yadda take raya dare da salla, ya 'yanta ta.

A wancan zamani, tsoron wuta ne ya rinjayi zukatan masu zuhudun Basra, magada Hasanul Basari. Rabi'a kuwa ta shahara da kiran a bauta wa Allah domin Shi ne Ya cancanci bauta, ba don kwaɗayin Aljanna ko gudun azaba kaɗai ba. Ba ta yi aure ba. Babban malami irin Sufyanus Sauri yakan ziyarce ta.

Wasu na kafa hujja da ita wajen raina tsoron Allah, kuma a ganina sun zalunce ta. Shahararrun labaranta da dama Fariduddin Attar ne ya tattara su, shekaru kusan 400 bayanta. Ibnul Jauzi kuwa ya kawo cewa mai yawan kuka ce, ambaton mutuwa na sa jikinta ɓari. Ta rasu wajen shekara ta 185 bayan Hijira.