Maurice Jarre: Bafaranshen da ya tsara kiɗan fim ɗin Ar-Risala da na Umar Mukhtar

Matasa da yawa daga Dogondutsi zuwa Maraɗi da Kano sun kalli fim ɗin Ar-Risala da na Umar Mukhtar, amma kaɗan ne suka san wanda ya tsara kiɗan da ke ratsa jiki a cikinsu. Sunansa Maurice Jarre.

An haife shi a birnin Lyon na Faransa ranar 13 ga Satumba, 1924. Ya fara karatun injiniya, daga baya ya ajiye ya shiga makarantar koyon kiɗa ta Paris, ba da son mahaifinsa ba. A can ya ƙware a kiɗan ganguna. A 1951 ya zama shugaban sashen kiɗa na gidan wasan kwaikwayo na TNP, inda ya shafe shekara 12.

Tauraronsa ya haska ne a 1962, lokacin da darakta David Lean ya fitar da Lawrence of Arabia. Cikin 'yan makonni Jarre ya kammala kiɗan fim ɗin, kuma ya ci kyautar Oscar. Ya sake cin ta da Doctor Zhivago na 1965 da A Passage to India na 1984, duk tare da Lean.

Aiki mafi nauyi ya zo masa daga Moustapha Akkad, darakta ɗan asalin Siriya, wanda ya shirya Ar-Risala a 1976 kan tarihin farkon Musulunci. Saboda girmama addini, ba a nuna Annabi (SAW) ba, ba a kuma ji muryarsa ba. Wani tattausan sauti ne ke sanar da mai kallo cewa yana wurin. Kuskure kaɗan a nan zai iya ɓata fim ɗin gaba ɗaya. Wannan kiɗa ya kai Jarre cikin jerin 'yan takarar Oscar.

Akkad ya sake nemansa a fim ɗin Umar Mukhtar, malamin da ya yaƙi mulkin mallakar Italiya a Libiya har aka rataye shi a 1931.

Jarre ya yi wa finafinai sama da 150 kiɗa. Ya rasu a Amurka a watan Maris na 2009 yana da shekara 84, bayan fama da ciwon daji. Ɗansa, Jean-Michel Jarre, shi ma shahararren makaɗi ne.