Murtala Muhammed, hafsan sadarwa da ya yi yaƙi a rundunar da ba ta jin junanta

Ma'aikacin da ke tasowa da asuba daga Lambata ko Suleja domin ya isa ofis a Abuja yana bin hanyar da shawarar mutum ɗaya ta shata. A ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala Ramat Muhammed ya sanar da mayar da babban birnin tarayya tsakiyar ƙasa, ya kuma ƙirƙiro sababbin jihohi, ciki har da Neja. Tsohon garin Abuja ya bar wa sabon birnin sunansa, ya koma Suleja. Sai dai kafin mulki, sana'ar Murtala a soja ita ce isar da saƙo.

An haife shi a Kano ranar 8 ga Nuwamban 1938. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, ya shiga soja a 1958, ya sami horo a Sandhurst ta Ingila, sannan ya ƙware a fannin sadarwa a makarantar Catterick. A farkon shekarun 1960 ya yi aiki da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango, inda sojojin ƙasashe da dama suka haɗu, kowa da harshensa da irin na'urarsa. A irin wannan fage, oda ba ta da amfani sai in rediyon wannan bataliya yana kama na waccan, kuma an yarda da tsari ɗaya na rubuta saƙo da fassara shi. A 1966 ya zama Sufeton Sadarwa na rundunar sojan ƙasa, kuma yana kan muƙamin ya taka muhimmiyar rawa a juyin mulkin watan Yuli.

Yaƙin basasa ya fito da ƙarfinsa da rauninsa a lokaci guda. A 1967 aka damƙa masa Runduna ta Biyu, wadda aka harhaɗa cikin gaggawa, ya ƙwato Binin a watan Satumba. A Asaba kuwa, cikin Oktoba, dakarun rundunar suka kashe ɗaruruwan fararen hula, tabon da bai goge ba har yau. Daga nan ya dage sai ya ƙetare Kogin Neja kai tsaye zuwa Onica, duk da shawarar hedikwata a Legas; yunƙurin ya ci tura sau uku, aka yi asarar rayuka da makamai. A Maris na 1968 aka yi wa ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana.

Matsalar ta wuce halin mutum ɗaya. Rundunonin tarayya uku, ta Muhammadu Shuwa da ta Murtala da ta Benjamin Adekunle, kowace tana tafiya kusan da gashin kanta, ba tare da cikakken tsarin musayar bayanai ba. Irin wannan giɓi ne ya sa ƙawancen NATO ya shimfiɗa yarjejeniyoyin bai ɗaya kan na'urori da tsarin saƙo, domin kayan da ƙasashe daban-daban suka saya su iya aiki tare. Tambayar tana nan a gaban dakarun haɗin gwiwa na yankin Tafkin Chadi, inda masu Turanci da masu Faransanci ke fuskantar abokin gaba ɗaya.

Bayan ya bar fagen daga, Murtala ya koma kujerarsa ta Sufeton Sadarwa, kuma a 1974 Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya. A ƙarshen Yulin 1975 ya zama Shugaban Ƙasa. Ya sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 ba tare da kowa ya sami damar kare kansa yadda ya kamata ba, matakin da har yau ake muhawara a kansa a ma'aikatu.

Ranar Juma'a, 13 ga Fabrairun 1976, kwana goma bayan sanarwar Abuja, aka harbe shi cikin motarsa a Legas a yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka. Yana da shekara 37. An binne shi a Kano. Allah Ya jiƙansa.